Ramalan Abokin Wa

Lahadi, 21 ga Satumba, da hantsi

Jiya mun je Durba bikin ɗan wani mai shanu, mun dawo ana kiran magariba. An ci waina, an sha fura mai kauri wadda ba a zalunce ta da ruwa ba. Alu mai kukuma ya yi kiɗa tun daga azahar. Muryarsa ta fara dushewa, amma hannun yana nan yadda na san shi. Ba abin da ya faru da ya isa a rubuta.

Ƙafata ta dama ta yi tsami a wurin zama. Kujerun robar nan ba don wanda ya haura hamsin aka yi su ba.

A hanyar dawowa Ramalan bai kunna rediyo ba, bai kuma ce uffan ba. Tun muna samari ni da shi muke bin Alu duk ƙauyen da aka gayyace shi ran Asabar, da a keke, daga baya a babur, yanzu a tsohuwar motarsa. Sai jiya na san injin ɗin yana da ƙara haka.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan an tashi daga makaranta

Fastar ta fito. Na gan ta a bangon tasha, kusa da tallan maganin basir. Alhaji Ramalan Kibiya, mai neman kansila. Sun goge masa furfura, sun cike masa kumatu, sun sa shi yana kallon sama kamar mai duban wata. Mutumin da ya tsufa a bayan kantar kyamis yana taya ni yi wa 'yan siyasa dariya. Shi ne fa ya ce jam'iyyun ƙasar nan motar haya ce guda ɗaya, fenti kawai ake sake mata. Na daɗe ina faɗin maganar a aji kamar tawa.

Ba takarar ce ta dame ni ba. Kowa yana da 'yancin ya ɓata sunansa yadda ya ga dama. A mota ya faɗa mini, muna hanyar Durba, idonsa a kan titi. Kafin in buɗe baki Salahuddeen ya leƙo daga kujerar baya ya ce, "Ai Malam, tun azumi muke fama da shi kafin ya yarda."

Tun azumi.

Salahuddeen ɗin nan malamin dabbobi ne, ya yi ritaya bara ya dawo gida Durba. Wajen sayen magani suka haɗu. Yana jin Fulatanci, yana da fara'a, haƙoransa duka suna nan. Ban ga aibunsa ba tukuna, amma ina dubawa.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan asuba

Da azumin nan kusan kullum tare muka sha ruwa a ƙofar kyamis. Na yi ta tuna me muka yi hira a kai. Tsadar taki. Ƙwallo. Ciwon bayansa.

Asabar, 27 ga Satumba, bayan magariba

Ba a yi hon a ƙofar gidana ba yau. Da hantsi saƙo ya shigo waya: motar ta cika da mutanen jam'iyya, in yi haƙuri. Na yi haƙuri. Na hau acaɓa zuwa Nariya. Don kiɗa na je, ba don kowa ba, kuma kukuma ba ta yanki katin jam'iyya ba.

Alu ba ya kiran sunan mutum shi kaɗai. In ya zo kanka sai ya haɗa ka da naka: mijin wance, baban wane, abokin wane. Kuma mutum ba ya tashi wa sunansa. Abokin da aka ambata shi ke miƙewa, ya ratsa fili a idon jama'a, ya yi wa makaɗi kyauta, ya dawo ya zauna. Tun gashina yana baƙi baitin yake, "Ramalan na Kibiya, abokin Murtala," ni kuma in miƙe. In an zo kaina shi ya miƙe. Akwai mutane a Rano da ba su san ni malamin tarihi ba ne, amma sun san ni abokin Ramalan ne.

Yau Alu ya goga kukuma, ya ɗaga kai, ya ce, "Ramalan na Kibiya, abokin Salahuddeen."

Salahuddeen ya miƙe da farar rigarsa. Ni ina can baya kusa da masu sayar da rake. Sunan ya yi wa waƙar tsawo, sai da Alu ya haɗiye rabinsa kafin 'yan amshi su kama. A matsayina na mai son kiɗa kawai nake faɗin wannan.

Ɗan acaɓan da ya dawo da ni ya yi ta rera baitin har ƙofar gida. Na taɓa koyar da shi. Bai taɓa riƙe sunan sarki ko ɗaya ba, amma wannan ji ɗaya ya yi masa.

Lahadi, 28 ga Satumba, da rana

Matata Mas'uda tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, wai me ya faru a Durba wancan satin?"

Na ce an ci waina.

"Matar Jabiru sanƙira ta ce har sau uku Alu ya kira ka. Wai a na ukun ya sassauta kiɗa, Jabiru ya zo har gabanka yana cigiyar abokin Ramalan. Kai kuma kana duba waya."

Na ce ƙafata ce.

"Wacce?"

"Ta dama."

"Jiya da ta hagu ka shigo kana ɗingishi."

Daɗewar aure tana da wannan illar: mutum ya rasa wanda zai yi wa ƙarya a gidansa.

Ta ce an ce Alhaji ya sunkuyar da kai, fili ya yi tsit, har mata sun fara ƙus-ƙus, sai wancan bawan Allah ya tashi ya rufa masa asiri. Na ce mata akwai sauran tsakuwa a shinkafar.

Talata, 30 ga Satumba, da la'asar

Kaina yana ciwo. Na je kyamis ɗin bakin kasuwa. Ya fi na Ramalan nisa, amma likitoci suna cewa tafiya tana da amfani.

Laraba, 1 ga Oktoba, da hantsi

Hutu. Rediyo tun safe jawabai, kowa yana taya kowa murna. Na zauna a zaure ina karanta tarihin wata daula da ta rushe. Masana sun yi ta jayayya a kan dalili, wasu sun ce fari, wasu sun ce haraji. Ni na ga duk inda aka bi sai an tarar da wani baƙo mai fara'a a kusa da sarki.

Ra'ayina game da siyasa bai canja ba. Kansila mutum ne da ake zaɓa don a sami wanda za a zaga a kusa, tunda manyan sun yi nisa. Wata shida zai yi ana yi masa kirari, sauran wa'adin yana ɓuya a bayan gida in an yi sallama. Da an tambaye ni da na faɗi haka. Ba a tambaye ni ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Salahuddeen ya zo gidana. Da kansa, da ƙwarya a hannu.

"Malam Murtala, an ce ƙafa ta matsa. Ga man shanu, daga rugar yayana. A ɗumama a shafa da safe."

Na ce ai ban san ya koma duba mutane ba.

Ya yi dariya sosai, irin dariyar da ba a iya ƙin mai ita. "Ƙafa ƙafa ce, Malam. Bambancin kawai ku kuna da baki."

Na sa aka kawo masa ruwa. Ya yaba littattafaina, ya ɗauki ɗaya ya buɗe, kuma abin haushi ya taɓa karanta shi. Da zai tashi ya sassauta murya ya ce, "Ran Durba ban tashi don in ɗauki wurin kowa ba. Na ga an bar sunan Alhaji a rataye ne. In kana so in je in sami Alu, in ce masa ya mayar da baitin yadda yake."

Na ce ban ma lura an canja wani baiti ba.

Ya dube ni yadda nake jin yana duban saniyar da ta ƙi nuna inda ke yi mata ciwo. Ya ce to Allah ya ƙara sauƙi.

Wato yanzu sunana a hannunsa yake, in ya ga dama ya ba ni aro. Mas'uda ta ce mutumin kirki ne. Na sani. Abin da nake ƙorafi a kai ke nan.

Man shanun mai kyau ne. Mun ci da tuwo.

Asabar, 4 ga Oktoba, da yamma

Ban je ba. An ce Saji suka tafi. An ce ruwa ya tashi wasan tun kafin la'asar. Allah ya amfana.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan magariba

Ƙasimu ya zo, babban ɗan Ramalan. Ya durƙusa har ƙasa kamar kullum. Ɗaurin aurensa ran Asabar ta sama, a Kibiya.

"Baba, Alu zai yi wasa bayan la'asar. Na ɗauko masu kyamara daga Kano. Za su ɗauki waƙar Alhaji daga farko har ƙarshe, a tura wa kowa a waya. Ka ga ko bayan ransu muna da ita."

Na ce tunani ne mai kyau.

Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ɗaukar waƙar da kyau. Sai guntaye a wayoyin mutane, rabi iska rabi kukan akuya. Yanzu da za a ɗauka ta zauna, jikokin Ramalan su ji, jikokina su ji, sai ta zo da sunan mutumin da bai san Ramalan ya taɓa yin gashi ba.

Ni na kai yaron nan asibiti a babur ranar da ya haɗiyi kwabo. Ba don komai na tuna ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Tun azumi.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Mun haɗu da Ramalan wajen neman takalma. Ba yadda za a yi, nasa yana kan nawa.

"Malam."

"Ranka ya daɗe, kansila."

"Ka fara ke nan."

Muka fito tare saboda ƙofar ɗaya ce. A gindin darbejiya ya tsaya yana gyara hula. Ya rame, kumatun fasta ba su biyo shi ba. Na ce masa na ga hoton, na ɗauka ƙaninsa ne.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka ga abin da ya sa ban faɗa maka ba. Da na faɗa maka tun azumi, kafin a kira isha ka mai da ni abin dariya, ni ma in taya ka, shi ke nan maganar ta mutu. Na san bakinka, Murtala. Ina son in yi abu ɗaya a rayuwata kafin ka ba shi suna."

Na ce ai da sai in yi shiru.

"Kai?"

Na ce to me ya sa ya faɗa wa Salahuddeen.

"Shi da na faɗa masa cewa ya yi, wace gadar? Ya ce mu je in gani."

Ya ce kwalbatin da ke hanyar ƙauyen mahaifiyarsa ya karye damina uku ke nan, ya gaji da rubuta koke. Na san wannan. Na taɓa yi wa kwalbatin barkwanci mai kyau ƙwarai, har shi ya yi dariya.

Da zai tafi ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ban taɓa jin kukuma ta yi tsawo irin na ran Durba ba." Sai wasu masu huluna iri ɗaya suka zo suka tafi da shi.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Alu ba shi da wasa yau, ni kuma ƙafata ta saba da fita ran Asabar. Na shiga motar Kibiya, daga can na hau acaɓa. Iska kawai na je sha. Gyaɗa ta nuna, ana ta cira, dawa ta sunkuya, hanya duk ƙanshin ɗanyar harawa.

Kwalbatin ya karye da gaske. Rami ne da zai haɗiye mota. Na ga an sauko da wata tsohuwa daga amalanke an goya ta an haura da ita, aka sake ɗora ta a wani amalanken a ɗaya gefen. Ban sami abin cewa ba, kuma na nema.

Ina juyowa sai ga Salahuddeen cikin ramin, ya naɗe wando, shi da wasu makiyaya suna jera buhunan yashi. Ya ɗago hannu duk taɓo. "Malam Murtala, ƙafa ta yi sauƙi ke nan."

Mutum ba zai sha iska a ƙaramar hukuma biyu ba tare da ya ci karo da kirkin mutumin nan ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, da la'asar

Na ga Alu a tasha yana jiran motar Saji, kukuma a cikin jakar buhu. Muka gaisa. Na tambayi murya, ya tambayi 'yan makaranta. Na ce, kamar wasa, na ji an yi wa wani tsohon baiti kwaskwarima.

Ya ce, "Malam, ni ba na haɗa abota, ba na raba ta. Kira nake yi. Wanda ya tashi shi nake gani."

Na ce to ran Asabar wa zai kira.

"Wanda ya tashi wancan karon."

Motarsa ta cika. Na saya masa rake, ban san dalili ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan magariba

An aiko da hular jam'iyya, wai duk abokan uban ango za su sa. Na ba 'yata Fanta ta zuba 'yan kunnenta a ciki.

Mas'uda ta goge mini shuɗiyar riga. Na ce ban ce zan je ba. Ta ce ita ma ba ta ce ba, guga kawai ta yi.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan magariba

An ɗaura aure da hantsi. Na tsaya a sahun baya, na yi addu'a, na ci alawa.

Bayan la'asar aka share fili a ƙofar gidan su Ramalan. Rumfa biyu, masu kyamara da wayoyinsu suna ta tuntuɓe da yara. Ramalan a gaba, Salahuddeen a damansa, huluna iri ɗaya jere kamar an shuka su. Ni na sami benci a gefe tare da wasu tsofaffi da ba sa jin komai sai an maimaita.

Alu ya fara da ango, ya yi amarya, ya yi iyayenta. Hannunsa yau kamar na saurayi. Na san waƙar Ramalan tun daga gugar farko, kafin ya buɗe baki. 

"Ramalan na Kibiya, abokin Salahuddeen."

Ban yanke shawarar komai ba. Ina so a san wannan. Na dai ga kaina a tsaye.

Salahuddeen ya riga ya ɗaga rabin jikinsa. Ya hango ni, ya koma ya zauna a hankali, ya shiga gyaran takalmi kamar abin da ya tayar da shi ke nan. Ko a nan sai da ya fi ni.

Filin yana da faɗi. Ban taɓa lura ba, don da ina ratsa shi da sunana a gabana. Yau na ratsa shi da sunan wani, ba hula irin tasu, mai kyamara yana bina da baya da baya. Jabiru sanƙira ya ɗaga murya yadda har Nariya za a ji: "Jama'a ku shaida, an kira Salahuddeen, Malam Murtala ya amsa. Malam, yaushe aka yi sunan ba a ba mu goro ba?"

Fili ya fashe da dariya. Mata a bayan zana har da guɗa. Tsohon da ke kusa da wurina yana ta tambaya me aka ce.

Na isa gaban Alu na yi abin da ake yi. Bai daina kiɗa ba, bai kalle ni ba. Ya zagayo da baitin ya sake ɗauka daga farko, ya kai inda ya saba tsayawa, sai ya ƙi tsayawa. "Ramalan na Kibiya, abokin Salahuddeen, abokin Murtala."

Da zan koma bencina dole in wuce ta gaban rumfa. Ramalan ya cire tabarau yana goge ido, kafaɗunsa suna rawa. Ban san ko dariya ce kaɗai ba. Ya kama gefen rigata ya ce, "Zauna, kafin ka amsa sunan amarya."

Babu kujera. Wani mai hula ya tashi, ba da son ransa ba. Na zauna a hagu.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Hoton bidiyon bikin ya shigo waya. Fanta ta ce ƙawayenta sun ce na yi tafiya kamar mai zuwa karɓar sakamakon asibiti. A makaranta wani malami ya gaishe ni da Malam Salahuddeen. Za a daɗe ana wannan. Da wani ne ya yi, da ni ma na daɗe.

Na zauna a ƙofar kyamis da yamma. Ramalan ya yi ta bayanin siminti da rodi. Na riƙe bakina har ya gama, sai da muƙamuƙina ya yi ciwo. Salahuddeen ya kawo nono. Har yanzu ina dubawa.

Na saurari waƙar a nutse, ba sau ɗaya ba. Shi ne na farko, ni ne na biyu, haka za ta zauna har jikoki. Amma na lura da wani abu. 'Yan amshi ba sa ɗaukar baiti duka, ƙarshensa kawai suke maimaitawa. Alu ya faɗi sunansa sau ɗaya ya wuce, su kuma su yi ta cewa abokin Murtala, abokin Murtala, har kukuma ta dawo.

Na kai wa Mas'uda wayar har madafa, na kunna mata wurin, na yi mata bayani.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To Malam, ka ci zaɓe. A zuba maka tuwon?"

Na ce ta bari in sake ji tukuna.